Yadda za ka yi atisayen tafiya mai nisa da ƙaramin jirgi a kan kwamfutarka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfutata, da sandar tuƙi mai sauƙin kuɗi. Na iya tashi da sauka da Cessna 172, ina kuma zuwa daga wannan gari zuwa wancan, amma gaskiya layin GPS kawai nake bi. Burina in shiga makarantar koyon tuƙi. Ta yaya zan riƙa atisayen tafiya tsakanin ƙananan filayen jirgi ta yadda zai amfane ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Na ji daɗi da ka ambaci layin GPS da bakinka, domin nan matsalar take. Wanda ke bin wannan layi ya iso inda za shi, amma in ka tambaye shi ta ina ya biyo, iska daga ina take kaɗawa, galan nawa ya rage masa, ba zai iya ba ka amsa ba. A makaranta kuwa waɗannan tambayoyi su malami zai yi maka, jirgi na tafiya, hannunka na kan sitiyari.

Ka fara sanin abin da kwamfuta za ta iya koya maka. Saukar jirgi ba ta cikinsu sosai. A jirgin gaske jikinka ne ke jin lokacin da jirgi ya fara nitsewa, gefen idonka na auna nisan ƙasa, hannunka na jin nauyin sitiyari yana canzawa, kuma kujerar ɗakinka ba ta ba ka ko ɗaya. Amma gane hanya aikin kai ne: lissafi, agogo, taswira, da yanke shawara. Wannan aikin kuwa kwamfuta na koyar da shi sosai, kuma ba ka biyan kuɗin awa ɗaya na jirgi. Ka'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta lasisin farko na matuƙi tana neman awa 40 na tashi, a ciki da awa 10 kai kaɗai, daga cikinsu awa 5 na tafiya tsakanin garuruwa, har da tafiya ɗaya da ba ta gaza mil 150 na teku ba, wato kilomita 270, tare da cikakkiyar sauka a filaye biyu dabam. Awannin da ka yi a gida ba za a rubuta maka su a littafin tashi ba, sai na na'urar da hukuma ta amince da ita, ƙarƙashin malami. Abin da za ka samu shi ne ranar da aka ce ka tafi kai kaɗai, kanka ya riga ya saba da aikin.

Kowace manhaja ka ke da ita ta isa. Microsoft Flight Simulator ta 2020 da ta 2024 sun fi nuna ƙasa kamar yadda take, saboda hotunan tauraron ɗan adam suke jawowa, sai dai suna shan data ƙwarai. X-Plane na aiki ba tare da intanet ba. FlightGear kyauta ce, kuma tana gudana a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jirgin: zaɓi mai tsofaffin agoguna masu allura, ba mai manyan allunan gilashi ba. Cessna 152 ko tsohuwar 172. In jirgin na da GPS, kashe shi. Rufe taswirar da ke nuna maka ɗan jirginka yana tafiya. Kuma ka ɗaukar wa kanka alkawari biyu: ba za ka danna maɓallin tsayar da wasa ba, ba za ka gaggauta lokaci ba. Tafiyar minti 46 ka zauna mata minti 46.

Yanzu mu ɗauki tafiya ta gaske mu yi ta tare. Daga Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, zuwa Kano. A manhajar za ka sami filayen biyu da gajerun sunayensu, DNZA da DNKN. Na san Kano ba ƙaramin fili ba ne, na zaɓe ta ne don tafiyar farko ta fi kyau ta ƙare a garin da ke da wuyar ɓacewa, kuma kai ka san hanyar a mota.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taɓa injin, ɗauki takarda, fensir, rula da ma'aunin kusurwa. Manhajar Little Navmap kyauta ce, za ka iya buga taswira daga cikinta, amma ka yi awon da hannunka. Ja layi daga fili zuwa fili. Za ka samu nisan kusan mil 74 na teku, alƙibla kuma kusan digiri 042, wato arewa maso gabas. Mu a nan mun yi sa'a, bambancin arewar taswira da arewar kamfas kusan sifili ne, amma kada ka bar gurbinsa a takardarka, domin a yammacin Amurka yana wuce digiri 10, kuma wanda bai saba rubuta shi ba zai manta da shi ranar da yake da tasiri.

Tsayin da za ka bi ba zaɓin son rai ba ne. Mai tafiya da ido, abin da ake kira VFR, in alƙiblarsa tana tsakanin 000 da 179 yana ɗaukar dubu mara da ƙarin ƙafa 500, kamar 3,500 ko 5,500. In tana tsakanin 180 da 359 sai dubu cika da 500, kamar 4,500 ko 6,500. Hikimar ita ce mai zuwa da mai dawowa kada su yi gaba da gaba. Filin Zariya yana kusan ƙafa 2,170 sama da teku, don haka 5,500 ya dace da kai: kana sama da ƙasa da ƙafa dubu uku da ɗoriya, kana ganin nesa, kuma ƙauyuka ba su ƙanƙance maka ba.

Sai iska, wadda ita ce ainihin darasin. Shiga saitin yanayi ka sa iska daga 070, gudun mil 15 a awa, irin ta hunturu. Jirginka na keta iska da mil 110 a awa. Tsakanin inda iska ke fitowa da inda ka dosa digiri 28 ne, ta hannun dama. In ka raba ta gida biyu, kusan mil 13 na bugun ka ta gaba, kusan mil 7 na tura ka hagu. Don ka tsaya a kan layinka sai ka juya hancin jirgi digiri 4 zuwa dama, ka riƙe 046. Gudunka a kan ƙasa ya ragu zuwa kusan 97, tafiyar da ta kamata ta ɗauki minti 40 ta koma 46. Na'urar lissafin da matuƙa ke yin wannan da ita ana kiran ta E6B, faifai ne mai juyawa da aka ƙirƙiro tun shekarun 1930, kuma har yau ana koyar da shi. Akwai shi a waya, amma in ka samu na hannu ka saya, domin da shi ido ke ganin yadda iska ke karkatar da jirgi. Digiri 4 kamar ba komai ba ne, amma in ka ƙyale shi har tsawon mil 74 za ka iso Kano kana mil 5 a gefe. A cikin hazo mil 5 ya isa ka wuce filin ba ka gan shi ba.

Mai kuma da lokaci ake auna shi, ba da nisa ba. Cessna 172 na shan kusan galan 9 a awa, minti 46 ya kama galan 7. Ƙara na tayar da inji da gangarawa kan titi, ƙara na hawa sama, ƙara na zuwa wani fili in wannan ya ƙi, sannan ajiyar da doka ta wajabta: minti 30 da rana, 45 da dare. Ni awa guda nake barin wa kaina, kuma haka nake koya wa ɗalibai.

Abu na ƙarshe a takarda shi ne alamomin hanya, kowane mil 10 zuwa 20. A nan masu farawa ke yin kuskure, sai su zaɓi ƙauye. Daga sama ƙauyukanmu duk kama ɗaya suke, rufin kwano da itatuwa. Alama mai kyau ita ce wadda ba ta da ta biyu a yankin, ko inda abubuwa biyu suka haɗu: titi ya tsallaka kogi, layin dogo ya ratsa gari, hanya ta rabu biyu. A wannan tafiya kana da Makarfi kusa da layinka, kana da babban titin Zariya zuwa Kano da layin dogo suna tafiya tare da kai, ruwan madatsar Tiga can nesa ta dama, na madatsar Challawa wajen Karaye ta hagu, sai Madobi, sai kogin Challawa kafin ka shiga gari. Auna nisan kowacce, raba da gudun 97, rubuta mintin da kake sa ran isa. Bar gurbi a gefe na mintin da ka isa da gaske.

To ka tashi. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce ka hau sama kana zagaya filin har ka kai 5,500, ka bi ta saman filin daidai, ka ɗauki 046, ka danna agogo. Daga nan tsarin aikin uku ne, kuma jerinsu ba ya canzawa: agogo, taswira, ƙasa. Ka dubi agogo, ya ce minti 10 sun wuce. Ka dubi taswira, ta ce nan da minti biyu ya kamata gari ya bayyana gabanka, titi na gefensa. Sannan ka ɗaga kai ka neme shi. Wanda ya juya jerin, ya ga gari a ƙasa sannan ya shiga neman mai kama da shi a taswira, zai samu, domin zuciya na son ta samu. Na sha ganin ɗalibi yana rantsuwa cewa garin da ke ƙasa shi ne wanda yake nema, alhali agogo na gaya masa saura minti bakwai. Ya ga titi, ya ga kasuwa, ya rufe ido ga kogin da babu shi a taswirar. Ka nemi shaida uku kafin ka yarda da alama, kuma in ɗaya ta saɓa, ka saurare ta.

Tsakanin alama da alama ajiye taswirar a cinya. Aikinka riƙe alƙibla da tsayi, da duba sararin sama. Mafi yawan ɓata ba daga lissafi take zuwa ba, daga kasa riƙe alƙibla ne: mutum ya sunkuya yana rubutu, jirgi ya karkata digiri 10 bai sani ba. Koyi daidaita tirim, wato abin da ke sauke wa hannunka nauyin sanda, har jirgin ya tafi da kansa ka saki sandar. Zaɓi wani abu can a bakin sama, dutse ko gajimare mai nisa, ka dosa, ka riƙa leƙa agogon alƙibla jefi-jefi. Shi kansa agogon alƙiblar yana zamewa a hankali, shi ya sa kowane minti 15 ake daidaita shi da kamfas, jirgi na tafiya a miƙe. A saitin manhajar akwai wurin kunna wannan zamewa, ka kunna.

In ka iso alama ka ga kana gefe, akwai lissafin ka mai sauƙi: kuskuren digiri 1 na kawar da kai mil 1 a cikin mil 60. A ce ka yi mil 20, ka ga kana mil 2 hagu da layi. Mil 2 a cikin 20 daidai yake da 6 a cikin 60, kuskurenka digiri 6 ke nan. In ka gyara 6 kawai za ka tafi kafaɗa da kafaɗa da layin ba ku haɗu ba. Saura mil 54, mil 2 a cikinsu kusan digiri 2 ne. Juya 8 zuwa dama, za ka faɗa kan Kano. Haka lokaci: in ka makara minti ɗaya a kashi ɗaya cikin huɗu na tafiya, sa ran makarar minti huɗu a ƙarshe, ka gyara takardarka, ka sake duba mai.

Sauka tun daga nesa ake shirya ta. Filin Kano na kusan ƙafa 1,560, zagayen sauka, wato kewayen da jirgi ke yi wa fili kafin ya sauka, ƙafa 1,000 ne sama da fili, wato kusan 2,600. Kana da ƙafa 2,900 da za ka sauke, a 500 kowane minti kusan minti shida ne, don haka ka fara tun kana mil 10 ko 11. Saita ma'aunin tsayi da QNH na filin, wato lambar nauyin iskar wurin, domin kuskuren lamba ɗaya kusan ƙafa 30 ne. Duba iska ka zaɓi titin da ke fuskantar ta.

In wannan tafiya ta zauna maka sau uku ko huɗu, sai ka fara ɓata wa kanka shiri da gangan, kuma a nan kwamfuta ta fi jirgin gaske, domin abin da ba a yarda a gwada a sama ba kai za ka gwada shi a ɗaki. Ka sa ƙaninka ko abokinka ya canza iskar ba tare da ya gaya maka ba, ka gano ta daga yadda alamomi ke zuwa. Ka sa ya kira ka a tsakiyar hanya ya ce filin Kano a rufe yake, ka juya Kaduna: cikin minti biyu ka fitar da alƙibla da ido, nisa da faɗin babban yatsanka a kan taswira, lokaci, da mai. Ka bar kanka ka ɓace sosai sau ɗaya. Ranar da hakan ta faru kada ka shiga yawo kana leƙe-leƙe. Riƙe alƙiblarka, duba lokacin da ka bar alamar ƙarshe da ka tabbatar, lissafa nisan da ka yi, zana da'ira a wurin, kana cikinta. Hau sama kaɗan don ka ga nesa. In akwai tashar VOR kusa, wato tashar rediyo mai nuna wa jirgi alƙibla, kamar ta Kano, kama ta, saurari harufan sunanta da take aikowa don ka tabbatar ita ce, ka ja layi a taswira. In ka samu ta biyu, inda layukan suka gitta nan kake. A jirgin gaske kuma sai ka kira masu kula da sararin sama ka faɗa musu gaskiya, matambayi ba ya ɓata, kuma akwai mitar rediyo 121.5 ta gaggawa.

Yanayi biyu nake so ka ba su lokaci na musamman, saboda su ne namu. Na farko hazon hunturu. Dokar tafiya da ido tana neman ganin kilomita 5 a ƙasa da ƙafa 10,000, kuma kowa ya san akwai ranakun Disamba da Janairu da ko kilomita ɗaya ba a gani a Kano. Saita gani a kilomita 5 daidai ka sake tafiyar. Za ka tarar Tiga ta ɓace, bakin sama ya ɓace, ƙasa kawai kake gani a ƙarƙashinka, kuma duk da haka doka ta ce halal ne. Hatsarin hazo shi ne ba shi da gefe kamar gajimare, a hankali yake haɗiye ka, sai jiki ya fara gaya maka kana miƙe alhali kana karkace. Irin wannan ne ya kashe John Kennedy ƙarami a watan Yulin 1999, da dare a kan teku cikin hazo, a ƙaramin jirgin Piper. Abin da za ka koya a nan shi ne juyawa baya da wuri: kwana ta digiri 180 a hankali, ido kan agoguna, ka koma inda ka fito. Ka yi ta har ta zama ba ka jin kunyar yin ta. Ka kuma saba karanta METAR na Kano, wato rahoton yanayin filin jirgi, kowace safiya, ka ga HZ (hazo) ko DU (ƙura), ka yanke wa kanka hukunci: yau da zan tashi ko a'a?

Na biyu zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji da fiffike duk suna raguwa. Kowane digiri ɗaya na zafi sama da ma'aunin da aka saba yana ƙara wa fili tsayin kusan ƙafa 120 a idon jirgi. Kano a ranar bazara mai digiri 40 jirgi na jin ta kamar ƙafa 4,900. Jos, mai ƙafa 4,200 da ɗoriya, a digiri 30 ta zama kamar 7,000. Cika jirgin da mutum huɗu da mai ka tashi daga Jos da azahar, ka ga tsawon titin da zai ci da yadda zai hau da ƙyar. Nan za ka fahimci dalilin rage mai a cakuɗar inji, wancan jan maɓallin da yawancin masu wasa ba sa taɓawa.

Maganar rediyo da Turanci ake yi, kuma tana da tsari. Fara da faɗin kiran da bakinka kai kaɗai a ɗaki: wa kake kira, wane ne kai, ina kake, me kake so. In bakinka ya saba, shiga VATSIM ko IVAO, inda mutane na gaske ke zama masu kula da jirage kyauta. Don ƙananan filaye marasa hasumiyar kula da jirage kuwa, ka yi wasu tafiye-tafiyen a Amurka, inda filayen jama'a sun kai kusan 5,000, taswirorinsu na ma'aunin 1:500,000 kuma suna shafin intanet na SkyVector kyauta. Can za ka koyi neman ɗan siririn titi a tsakiyar gonaki, ka bi ta samansa ka duba jakar da ke nuna inda iska ke kaɗawa, ka sanar da kanka, ka shiga zagaye.

Hali ɗaya nake roƙon ka kiyaye. Masu zuwa daga kwamfuta kusan dukansu suna zuwa da ido manne a kan agoguna, malami ya sha wahala kafin ya ɗaga musu kai. Ka tilasta wa kanka kallon waje mafi yawan lokaci, agoguna leƙe kawai. Kuma bayan kowace sauka buɗe layin da ka bi a Little Navmap ka ɗora shi kan wanda ka zana, ka ga inda ka karkace, ka tuna abin da kake yi a wannan minti.

In ka shirya, ga jarrabawarka: Zariya zuwa Kano, Kano zuwa Katsina, kusan mil 77 a alƙiblar 319, sannan Katsina zuwa Zariya, kusan mil 113. Jimla mil 264, ta wuce abin da lasisi ke nema. Ka sauka ka tsaya cak a kowane fili, ka zuba galan 30 kacal a tanki don lissafin mai ya zama dole. Zangon ƙarshe kusan kudu sak yake, ta wajen Musawa da Malumfashi, don haka ka auna kusurwarsa da kyau, digiri ɗaya ne ke raba tsakanin 5,500 da 4,500. In ka gama, turo mini takardar lissafinka da lokutan da ka rubuta, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.